Silinda Huɗu a Gidan Mai Takwas

Ranar da Vidar ya fara ganin Tuva, kansa na cikin bonet, bakinsa na zagin filogi.

Wata Asabar ce a farkon bazara, a filin tseren motocin talaka na Kallmyra, wanda dā ramin ɗibar tsakuwa ne. Motarsa na karkarwa kamar mai zazzaɓi, ga lasifika na kiran 'yan zagaye na gaba.

"Ta uku ce," in ji wata murya a bayansa.

Ya ɗago da sauri har ya bugi ƙeya. Wata doguwar yarinya ce cikin shuɗiyar rigar aiki, kofi a hannu ɗaya, burodin kirfa a ɗayan. Ba ma shi take kallo ba. Idonta a rufe, ta karkata kai gefe kamar kaza mai sauraron ƙasa.

"Mece ce ta uku?"

"Silinda ta uku. Barci take. Sauran ukun ne ke ɗauke da ita kamar gawa."

"Daga nan kika gano?"

"Daga layin kofi na gano. Na zo ne don ta hana ni jin daɗin burodina."

Ya taɓa wayar filogi ta uku, ya tarar ta saki. Yana tura ta, injin ya gyara murya, ya koma sumul. Mu 'yan Kallmyra ba mu yi mamaki ba, don mun san kunnen Tuva. A bolar matattun motocin ubanta ta yi rarrafe. Tun tana ƙarama, mota na can bayan daji za ta faɗa maka silinda nawa gare ta, da kuma ko direban ya yi faɗa da matarsa. Amma Vidar baƙo ne daga bakin teku, gyaran injinan sare itace ya kawo shi. Sai ya tsaya baki buɗe.

"Lita nawa ne cikinsa?" ta tambaya.

"Ɗaya da ɗigo shida."

Ta tuntsire da dariya. "Tukunyar kofinmu ta fi shi ciki."

"Ai ba ciki ba ne kawai," in ji shi, kunnuwansa sun yi ja. "Inji numfashi ne. Babba yana jan iska mai yawa a shaƙa ɗaya. Nawa ƙaramin huhu gare shi, amma kafin babba ya shaƙa sau ɗaya ya shaƙa sau biyu. Wanda ya fi haɗiyar iska da mai a cikin minti, shi ya fi ƙarfi."

"To idan babban ma ya koyi sauri fa?"

"Sai in koma gida in yi kuka."

Ta gutsuri rabin burodin ta ajiye masa a kan rufin mota. Sannan ta sa ɗan yatsa ta rubuta lambar wayarta a cikin ƙurar ƙofar motarsa. Ya yi tseren nan yana kaffa-kaffa da wannan ƙofa, kowa ya zo gogarsa ta gefen sai ya kauce, har ya zo na ƙarshe. Bai taɓa jin daɗin shan kaye irin na ranar ba.

Da yamma ya aika mata: "Mai kunne, na duba ƙirjina, kamar wata silinda tana bugawa ba daidai ba. Yaushe za ki zo ki saurara?"

Ta amsa: "Wannan ba lalacewa ba ce. Kada ka bari kowa ya taɓa ta."

Haka suka ci bazarar. Tafki, kwale-kwale, cizon sauro, tsintar 'ya'yan itace a daji har bakinsu ya rine. Yana kiranta Kunnena. Takan ɗora kai a ƙirjinsa ta ce, "Yi shiru, ina aiki."

Amma ba ta taɓa kaiwa la'asar sakaliya a waje ba. Uwarta Gunvor ta sami shanyewar ɓarin jiki, kuma Tuva ce wankanta, ita ce cokalinta, ita ce mai juya ta a gado. Da rana kuwa ita ke tuƙa katafila mai yatsu biyu a bolar, ta ɗauko matacciyar mota ta jefa a bakin injin matsa, ta danna, mota ta fito kamar akwati.

Uban, Börje, mutum ne mai faɗin wuya, kullum da taba cushe a ƙarƙashin leɓensa na sama. Duk mai mota a yankinmu a wurinsa yake sayen kayan gyara, don haka kowa na dariyar barkwancinsa tun kafin ya ƙarasa. Bolar tasa wuri ce mai ban al'ajabi. Akwai motar da bishiya ta tsiro ta cikin gurbin injinta har ta ɗaga ta daga ƙasa, akwai wata bas da mujiya ke haya. A tsakiyar duk wannan tsatsa akwai wani ɗaki mai na'urar ɗumama da darduma, inda jar motarsa 'yar Amurka take kwana. Silinda takwas, lita bakwai. Gunvor kuwa a kicin take yini, kusa da tagar da iska ke shigowa ta gefenta.

Akwai kuma Conny, direban Börje a tsere, mai tuƙa masa mota mai silinda shida, lita uku. Conny ya daɗe da ɗaukar bolar da 'yar gidan a matsayin abu ɗaya da zai gāda.

Wata Lahadi Tuva ta kawo Vidar shan kofi. Ya sa farar riga, ya riƙo furanni don Gunvor. Börje bai miƙa masa hannu ba, sai ya ce, "Taho ka ga mota."

Ya tada jar motar. Ƙasa ta yi gurnani a ƙarƙashin ƙafafunsu. Ya cika kofi har baki, ya ɗora a kan injin, ko ɗigo bai zuba ba.

"Ka gani? Kowane juyi ɗaya, bugu huɗu. Naka bugu biyu, da dogon hutu a tsakani, shi ya sa yake rawa kamar ɗan maye. Wannan ko totur ban taɓa ba za ta ja gidan nan ta hau tudu da shi. Kai sai ka sa naka ya yi ta ihu kamar alade a mahauta kafin ya motsa keken jariri."

"Gaskiya ne, a ƙasa-ƙasa ta fi ƙarfin ja," in ji Vidar. "Amma a kwana, nauyin..."

"Conny! Zo ka ji, tela na koya mini inji."

"Tela?" in ji Conny, yana goge hannu.

"Mai keken ɗinki mana. Ba ka ji ƙararsa a fili ba? Tititititi. Kai yaro, nawa kake ɗinka labule?"

Conny ya yi dariya har da dukan cinya. Börje ya karɓi furannin daga hannun Vidar, ya share bakin salansa da su, ya jefar.

Bayan baƙo ya tafi, Börje ya tsaya a tsakiyar kicin, a gaban matarsa, ya ce wa 'yarsa, "Dokar ƙasar nan ba ta ba ni ikon hana ki aure ba. Amma ƙofar nan tawa ce. Ranar da kika bi telan nan, kin gama ganin uwarki. In sa a riƙa zuwa daga hukuma ana juya ta sau biyu a yini kamar buhun dankali."

Gunvor ta buɗe baki, maganar ta maƙale mata kamar yadda ta saba. Hannunta mai lafiya ne kawai ya damƙe gefen kujera.

Saƙon da Tuva ta tura a ranar gajere ne: "Telana. Daga yau haka zan riƙa kiranka, don in ƙwace sunan daga bakinsa. Ba zan bar Mama ba, ba zan bar ka ba. Ban san yadda za a yi ba."

Ya amsa: "Kunnena, ni ma ban sani ba. Amma tela yana da haƙuri."

To, tseren talaka yana da wata doka da ita ce gishirinsa. Da an gama tsere, kowace mota ta zama ta sayarwa, a kan farashi ɗaya, ɗan kaɗan, wanda bai kai na tsohon babur ba. Duk mai so sai ya rubuta sunansa ya jefa a bokiti. In masu so sun yi yawa a ja ƙuri'a. Mai mota ba shi da ikon ƙi, in ya ƙi an karɓe lasisinsa. An yi haka ne don kada mai kuɗi ya zuba inji mai tsada ya hana talaka sakat. Mota takan yi ta yawo hannu zuwa hannu, bana taka, baɗi ta maƙwabcinka, ana dariya. Abin da tsofaffi ke faɗa wa kowane sabon shiga ɗaya ne: ka sa mata guminka, kada ka sa mata zuciyarka.

A tsere na gaba Vidar ya zo na ɗaya. Da aka ɗauko bokitin motarsa sai aka gan shi cike. Börje ya sa duk ma'aikatansa, da ƙannen matansu, da masu jin tsoronsa, sun jefa suna. Ƙuri'a ta faɗa kan ɗaya daga cikinsu. Vidar ya miƙa makulli yana murmushi, don ya ɗauka zai gan ta a fili mako mai zuwa.

Ran Litinin da safe Börje ya nuna wa Tuva motar da haɓa. "Matse ta."

"Baba, lafiyarta ƙalau. Injin nan hunturu guda ya yi yana..."

"Tawa ce ko ba tawa ba? Ko kuwa kin gaji da uwarki?"

Ta hau katafila. Ta ɗauki motar da lambar wayarta ta taɓa kwana a ƙofarta, ta sa a bakin matsa. Mai kunne irin nata ba abin da ya wuce ta. Ta ji gilashi, ta ji rufi, sannan ta ji lokacin da bulon injin ya tsage. Conny ya ɗauki hotonta tana danna maɓallin, ya tura wa Vidar, ya rubuta a ƙasa: "Matarka ta iya guga, tela."

Ita kuma ta rubuta: "Ni ce na danna. Ba zan ɓoye maka ba. Ka tsane ni in kana so."

Ya amsa: "Ƙarfe ne, Kunnena. Kin ci abinci?"

Ya sayo wata gawar mota, ya haɗa wani injin, ya sake cin tsere, aka sake cika bokiti, aka sake matsewa. A tarihin filinmu ba a taɓa sayen mota don a kashe ta ba. Kowa ya ji abin a ransa, amma kowa yana da mota mai bukatar kayan gyara, sai muka riƙa kallon cikin kofunanmu.

Da kaka ta shigo, saura tseren rufe shekara, Börje ya tare Vidar a rumfar kofi, a gaban jama'a.

"Tela, zare ya ƙare ne? Na ji ba ka sa suna ba."

"Ba ni da inji."

"Kash. Ni da na zo maka da albishir. Ku zama shaida: in keken ɗinkinsa ya riga mai shida tawa a tseren ƙarshe, ya ɗauki yarinyar, ƙofata kuma a buɗe take gare ta. In bai iya ba, ya tattara ya koma bakin teku ya ɗinka wa kifi wando."

Aka yi dariyar dole. Vidar ya ce, "An ji."

Ashe yana da inji. Yana cikin ɗakin kwanansa, lulluɓe da bargo. Na mahaifinsa ne, wanda ya rasu Vidar na ɗan makaranta. Ƙaramin mai silinda huɗu ne, tsohon ya goge hanyoyin iskarsa da hannu har suna sheƙi kamar cikin cokali, ya rage wa fistin nauyi ɗaya bayan ɗaya. Duk gidan hayar da Vidar ya koma, da shi yake tafiya, ko da hawa na uku ne.

Da Tuva ta ga an yaye bargon, sai ta ce:

"Telana, kada ka yi. Ko ka ci, ko ka faɗi, bokiti na nan."

"Ya yi alkawari a gaban mutane."

"A kan ƙofa ya yi, bai yi a kan bokiti ba. Na san ubana. Wannan ba irin abin da ake kai wa filin nan ba ne, kowa ya faɗa maka."

"Shi kaɗai ne zai iya da mai shida." Ya riƙo fuskarta da hannu biyu. "Babana ya mutu, Kunnena. Mamanki na da rai."

Ta kifa kai a ƙirjinsa. Wannan karon ba ta ce tana aiki ba.

Ranar tseren an kwana ana ruwa, fili ya zama kunu. Aka saki tuta, mai shida ta yi gaba kamar an harba ta. A miƙaƙƙiyar hanya ba mai kamo ta, Börje bai yi ƙarya ba. Amma dogon injin nan mai nauyi yana zaune ne a kan hancinta, da an zo kwana sai hancin ya ƙi juyawa, ya yi ta noman laka. Conny ya taka totur don haushi, ƙarfin ya yi wa tayoyin yawa, suka yi ta juyi a wuri ɗaya suna watsa wa 'yan kallo taɓo. Ta cikin kwanar sai ga ƙaramar ta silalo, injinta na wani irin kuka siriri mai tsayi da ban taɓa jin irinsa ba, kamar ana jan zare daga sama.

A miƙe Conny ya wuce, a kwana Vidar ya karɓe. Haka suka yi ta yi. A zagayen ƙarshe Conny ya daina neman hanya, ya nemi mutum. Ya dake shi a gefe har ƙofa ta ɓalle tana reto. Ƙaramar ta juya, ta hau gefen tudu da taya biyu, ta yi kamar tana shawara, sannan ta faɗo a kan ƙafafunta. Da tsawon bamba ɗaya ta riga shi tsallake layi.

Filin ya ɗauki ihu. Sannan aka ɗauko bokiti, ihun ya mutu. A cike yake fal.

Abin da Vidar bai sani ba, a cikin tarin sunayen mutanen Börje akwai takarda ɗaya ta Tuva. Ta jefa ta a ɓoye, ko Allah zai sa ta ceci injin. A rumfar kofi ta rubuta ta, sukarin burodin kirfa ya ɓata ta. Da tsohon mai jan ƙuri'a ya zura hannu, ita ce ta manne masa a yatsa.

Lasifika ta ce, "Mota mai lamba goma sha bakwai ta zama ta Tuva, 'yar Börje."

Börje ya juya ya dubi 'yarsa. Mugun mutum ne, amma ba wawa ba ne. Sai ya rungumo 'yarsa da hannu ɗaya, ya matse ta a jikinsa yadda ba za ta iya ko numfashi ba, ya ɗaga murya: "Yarinyata ke nan! Ai na ce miki hannunki na da sa'a. Mun gama da tela!"

Vidar na tsaye, jini na bin girarsa. Ya dubi uban, ya dubi 'yar a ƙarƙashin hammatarsa. Ya tako a hankali, ya sa mata makulli a tafin hannu.

"Ki matse shi a hankali," ya ce. "Kin san na waye."

"Vidar, tsaya..."

Bai tsaya ba. Aka ɗora motar a tirelar Börje.

Ta kira shi, bai ɗauka ba. Ta tura: "Don in cece shi na jefa. Wallahi." Shiru. Ta sake turawa: "Telana." Shiru. Ran Lahadi da yamma ta rubuta na ƙarshe: "Ka zo bola gobe da safe da motar ɗaukar kaya. In ba ka zo ba, to ba ka taɓa sanina ba."

Litinin ta waye da rana mai haske bayan ruwa. Irin wannan ranar Börje ke fito da jar motarsa ya yi mata wankan ƙarshe kafin ta shiga kwanan hunturu. Tana tsakiyar fili tana ɗiga, tana ƙyalli. An buɗe tagar kicin don Gunvor ta sha iska.

"Matse ta," in ji shi, yana nuna motar Vidar da soso.

"Tawa ce, Baba. Sunana aka kira."

"A filina take. Matse ta, sai mu yi maganar ƙofa."

"Ka riga ka yi maganar ƙofa a gaban mutane."

"Wa zai zo ya tuna mini? Su?" Ya tofar da taba. "Hau, kada ki ɓata mini safiya."

Daidai nan motar ɗaukar kaya ta tsaya a bakin ƙofar bola. Vidar ya fito, fuskarsa kamar wanda ya zo jana'iza. Conny ya daki cinya. "Tela ya zo ganin guga da idonsa!"

Tuva ta hau katafila, ta tada ta. Ta nufi ƙaramar motar, ta wuce ta. Ta sauke yatsun ƙarfen har ƙasa, ta zura su a ƙarƙashin jar motar a hankali, kamar mai ɗaukar jariri daga gado. Kafin Börje ya gane, tayoyin sun bar ƙasa. Ta ɗaga ta sama da kan mutum, ruwan wanka na zuba, ta juya, ta tsayar da ita a kan buɗaɗɗen bakin matsa. Sannan ta ɗan karkata yatsun gaba. Motar ta zame kamar faɗin hannu, ta tsaya.

Ƙarar da ta fito daga bakin Börje ba ta mutum ba ce.

"Tuva! Tuva, 'yata, kada hannunki ya motsa!"

"Hannuna ya gaji, Baba. Sau biyu ka sa shi aiki bana."

Ya zube gwiwa biyu a cikin taɓo. Mutumin da bai zubar da hawaye ba ranar da aka kwaso matarsa daga ƙasan kicin, ga shi yana kuka da majina, hannuwa sama kamar zai tare lita bakwai da tafinsa.

"Me kike so? Faɗi!"

"Ka sani."

"Ɗauki motar telan! Ɗauki telan! Ɗauki uwar taki ma, da kujerarta, da kwanon fitsarinta, ni dama na gaji da warin. Ku tafi duka. Ki dai sauke mini ita a hankali!"

Ko Conny ya rufe baki. Kowa ya juya wajen tagar kicin. Gunvor na zaune a inda take kullum, rabin fuskarta mai motsi da rabin da ba ya motsi sun zama iri ɗaya.

Tuva ta yi niyyar ƙwatar ƙofa ne kawai. Ba ta zaci zai ba da abin da ke bayan ƙofar da sauƙi haka ba. Ta ja baya, ta sauke jar motar a daidai inda ta ɗauke ta, ko ƙwarzane babu. Börje ya rarrafa ya shiga ƙarƙashinta yana shafa ƙarfe, yana duba inda yatsun suka taɓa. Bai ɗago ba har suka tafi.

Vidar ne ya shiga kicin. Ya durƙusa ya ce, "Gunvor, kin yarda in ɗauke ki?" Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗora hannunta mai lafiya a wuyansa. Ba ta fi nauyin ƙofar mota ba.

Suka zaunar da ita a tsakiyarsu, kujerarta da ƙaramar motar a baya. Suka yi nisa a cikin daji. Can Vidar ya ce, "Kunnena."

"Kada ka kira ni haka tukuna."

"Na yarda da shi a kanki. Na ga hannunsa a wuyanki, amma na yarda da bakinsa."

"Kwana biyu ina kiranka."

"Na sani. Ina kallon wayar tana haske. Ba ni da abin cewa, sai dai ki hukunta ni."

"Zan hukunta ka. A hankali, shekara da shekaru."

Ya ɗauke ƙafa daga totur. "Wato... kin yarda ke nan? Ki aure ni?"

"Dubi hanya, Telana, Mama na cikin mota."

Gunvor ta yi wani sauti. Suka firgita, suka ɗauka kuka ne. Dariya ce, da hawaye a cikinta.

An ɗaura auren a ƙaramin cocin katako na Kallmyra, ranar da dusar ƙanƙara ta farko ta sauka. Mutanen da suka yini suna kallon cikin kofunansu duk bazara sun cika benci, kowa da kek ɗinsa da kunyarsa. An aika wa Börje da gayyata. Ya ce wa ɗan aiken yana da aikin canza baƙin mai.

Ba uban da zai riƙo amarya, sai ta shigo tana tura kujerar uwarta, ango na gefe yana riƙe da jelar farar rigar kada taya ta taka. Da limamiyar cocin ta gama, aka sa zobe, Gunvor ta ɗaga hannu. Aka jira. Ta kama hannun Tuva ta ɗora a kan na Vidar, ta danne su da nata, ta yi ta kokawa da harshenta har gumi ya fito mata a goshi. Ba wanda ya yi tari.

"Ku... riƙa... tausayin... juna," ta ce.

Muka ce amin, har da waɗanda ba su taɓa cewa ba. Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu jin ƙai, ya sa gidansu ya zama mai ɗumi a kowane ɗaki.